Injin Iskar Gas Ko Na Man Gas? Yadda Aka Kwana a Zauren Masu Sana'a na Gombe

Mai Casa: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Wata uku ina bin masu injin casar shinkafa na Nasarawo mu haɗa kuɗi mu sayi ƙaramin tabayin, wato injin samar da wutar lantarki, mai aiki da gas, irin na kamfanin Capstone mai kilowat 65. Babu fistin, babu juyen baƙin mai, farfela ce kawai ke juyawa, zafin hayaƙinsa ma sai a yi gumin shinkafa da shi. Ko mutum ɗaya bai ce uffan ba. Sai an gani a Kano a fara rububi.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Gas kuma, Alhaji? Gas ɗin da tsadarsa ta sa na kashe firiza biyu na lulluɓe su da buhu?

Mai Casa: Iskar gas nake nufi, Hajiya, ba man gas ba.

Direban Tirela: To ka ce iska mana! Shekara ashirin ina bin hanyar Yola, duk gidan man da na ce a sa gas, dizal ake zuba min.

Malamin Kimiyya: Kuskure ne ya zama jiki. Sunansa dizal. Gas ba ruwa ba ne.

Direban Tirela: Malam, a Nijar gazuwal suke cewa, sai ka je ka gyara musu. Na tukunyar girki fa? Girgiza ta ka ji ko ba ruwa ne a ciki ba.

Malamin Kimiyya: Matse shi aka yi.

Direban Tirela: Mu ma a matse muke.

Injiniya: Ranku ya daɗe, a bar ni in sa baki. Alhaji, injin nan ba laifi, farfelarsa na juyawa sau 96,000 a minti. Amma kilowat 65 ɗin a yanayin digiri 15 aka auna shi. A Afrilunmu da ake haura 40, iskar da yake zuƙa ba ta da kauri, ƙarfinsa sauka yake. Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin shinkafarka, kullum kana wurin filta. Kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin ne ke zama wuta, babban janareton dizal ya fi shi a nan, sai dai in da gaske za ka ci moriyar zafin. Kuma ina gas ɗin? Bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta ya nufi Kaduna da Kano, bai biyo ta nan ba. Tashar wutar lantarki ta Maiduguri mai megawat 50 ma da tankoki ake kai mata. In janareto ya yi tari, makaniki na bakin layi. Wannan kuwa sai ka jira kaya daga Amurka, da dala.

Mai Casa: Kolmani fa? Ba Buhari ya zo ya ƙaddamar da haƙar mai da gas a can, kan iyakarmu da Bauchi, a Nuwamban 2022 ba? Gas ɗinmu na nan ƙarƙashin ƙafarmu.

Ɗan Alkaleri: "Ɗinmu" na wa? A ƙasar Alkaleri aka yi bikin, jihar Bauchi. Ina wurin.

Direban Tirela: Mutanen Pindiga, da ke ɓangarenmu na Gombe, su ji da kyau. Tun 1996 muka raba gari da ku, har yau ba ku huce ba.

Ɗan Alkaleri: Ɗa ya bar gidan ubansa ba ya tafiya da rijiya.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ni dai ku faɗa min, abin da ke Kolmanin gas ne ko gas?

Malamin Kimiyya: Kin ga abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya: Akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kuwa?

Ɗan Alkaleri: Ya yi tsawo, Injiniya. Yi mana da murya.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, ga taƙaitawa. An yi ittifaƙi cewa injin Alhaji ba na ƙasarmu ba ne, Injiniya ya tabbatar zafi kashe shi yake. Batun Kolmani, kowa ya san inda gaskiya take, baƙonmu na Alkaleri ya yi haƙuri. Rana dai ba ta bukatar bututu ko tanka. Sabbin farantan sola da batura sun iso shago jiya, mai so ya neme ni ta gefe.

Injiniya: Ban ce kashe shi yake ba, cewa na yi ƙarfinsa na raguwa. Farantin naka ma zafi na rage masa ƙarfi.

Shugaban Zaure: An rufe zaure sai da safe.