Na'urata ta daina karanta ɓangaren SACD na faifaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kan na'urorin sauti ku taimaka min, abin nan ya kai mako uku yana damuna.

Ina da faifan SACD (Super Audio CD, nau'in faifan sauti da aka ƙera don ya fi CD na yau da kullum inganci) da na fi so a duk tarin faifaina, kiɗan piyano da sarewa ne. A ɓangaren DSD, wato tsarin ajiye sauti na SACD, har numfashin mai busa nake ji kafin ya ɗora leɓe, da ɗan ƙarar kujerar makaɗin idan ya gyara zama. Faifan irin mai hawa biyu ne: hawa ɗaya na CD mai saurin ɗaukar samfurin sauti 44.1 kHz, ɗayan kuma DSD mai 2.8224 MHz, wato ninki 64 ke nan.

Yanzu da na saka shi, sai na'urar ta yi ta juyi tana ƙara ƙasa-ƙasa, can sai allo ya nuna "CD" kawai. Na goge faifan da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, na share idon na'urar, na duba saiti na tabbatar SACD ne zaɓin farko. Shiru. Wasu faifan masu hawa biyu kuma wani lokaci su kama, wani lokaci su ƙi, musamman idan na'urar ba ta ɗumama ba.

Na san hawan biyu ba hasken laser ɗaya ke karanta su ba, tsawon zangon na CD 780 nm, na SACD 650 nm. Shin na biyun ne ya fara rauni? In haka ne, canza idon kaɗai zai wadatar, ko sai an sake daidaita shi bayan an saka sabo?