"Kunne ya girmi kaka": ta hau kan mai bin labarai kuwa?

Daga Ringim: Assalamu alaikum. An kawo "kunne ya girmi kaka" a kan yaron da ya tashi a gaban kakansa mai rediyo, har ya zama labarai ba sa wuce shi. Ta zauna a nan?

Daga Bichi: Wa alaikumus salam. Ba wurinta ba ne. Maganar tarihi take yi: abin da ya faru tun ba a haifi kakanka ba, kunne zai kawo maka shi. Shigar Turawa Kano a 1903, babu ganau a raye, amma kowa ya ji. Labarin yau bai girmi kowa ba. In gadon hali ake nufi, "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ce.

Daga Gumel: Malam, ranka ya daɗe, a duba dai. Tsohon da ke bin labarai ba na yau kaɗai yake ji ba. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, don haka kunnensa cike yake. Da aka yi juyin mulki a Nijar a 2023, irinsa nan take zai ɗauko na Seyni Kountché a 1974, ya haɗa da abin da magabatansa suka faɗa masa. Jikan da ke zaune a tabarma ya sami na yau da na da a zama ɗaya. Ai kunnensa ya girmi kakan ke nan.

Daga Haɗeja: Gaskiyar Hajiya. Amma zaman kawai ba ya sa yaro so, sai an ba shi aiki. Tsofaffi sun iya wannan: jika ke zare eriya, shi ke murɗa tasha. Nan yake gane cewa a gajeren zango mita 16 da 19 sun fi kamawa da rana, 31 da 41 kuma da dare. In ƙara ta yi yawa, a matsa daga cajar waya ko injin sola, ko a ɗaura siririyar waya a eriya a rataya ta a darni. In za a ajiye rediyo, a cire batur, don ruwansa na cinye sifirin. Bayan shiri sai tsoho ya ce, "To, me suka ce?" Yaron da ya san za a tambaye shi ba ya gyangyaɗi.

Daga Bichi: Na karɓi rabi. Sai dai kar a manta "gani ya kori ji". Yanzu saƙon murya na WhatsApp ma ta kunne yake shiga.

Daga Gumel: Shi ya sa ɗabi'ar da ta fi muhimmanci ita ce sauraron tasha biyu. Tsoho zai ji Landan, ya koma Rediyon Kano ko Freedom, in sun saɓa ya dakata. Farashin dabbobi kuwa ba ya gaskatawa sai wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya dawo.

Daga Ringim: Na gode. Zan yi amfani da ta barewa a kan gadon son rediyo, ta kunne kuma in tsoho ya haɗa labari da tarihinsa.