Bobin ɗin bafuna na ba ni wahala, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa baful (akwatin sifika) biyu na ɗaki a Sabon Gari, kowanne da babbar sifika ta om 8 (ma'aunin turjiyar lantarki) da tuwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti. Na sa mai naɗin fanka ya naɗa mini bobin biyu-biyu, wato naɗin waya mai tace sautin da ke zuwa sifika, na kwantar da su gefe da gefe a kan katako, na danne kowanne da faranti da sukurun ƙarfe ta tsakiya. Muryar mawaƙi tana fita kamar daga cikin tulu, ɗaya baful ɗin kuma bas yana zuwa yana ɗaukewa. Ko na juya ƙafafun bobin ɗin ne?

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole: Wa alaikumus salam. Ƙanena, bobin ba shi da gaba da baya, duk ƙafar da ka kama daidai ne. Ɗaukewar bas, duba bakin wayar. Jan ƙarfen naɗi yana da fenti siriri a jikinsa, mutane da yawa wuta kawai suke ɗan nuna masa. Kankare shi da reza har ya yi ƙyalli ta ko'ina, ka shafa dalma, sannan ka liƙa. In dalmar ta dunƙule ta ƙi kwanciya, da sauran fenti.

Malamin lantarki: Sukurun nan shi ne babbar ɓarnar. An naɗa bobin ne da iska kawai a tsakiyarsa, ba ƙarfe. Ka zura ƙarfe, ƙimarsa ta haura, sai ya fara yanke sauti tun ƙasa da inda ka nufa. Shi ya sa murya ta dushe. A om 8, bobin mai ƙimar kusan 0.5 milihenri yana fara yanke siririn sauti wajen 2,500 hez (ma'aunin kaifin sauti). Cire sukurun, ka huda katakon, ka ɗaure bobin da igiyar roba.

Kuma kada su kwanta tare, maganaɗisun wannan yana shiga wancan. Ɗaya kwance, ɗaya tsaye a kan gefensa, ka raba su iya faɗin katakon, nesa da maganaɗisun sifikar.

Mai tambaya: Na gode, Malam. Gam mai narkewa fa, ba zai riƙe ba?

Mai hayar kayan sauti, Birni: A zafin Damagaram? Baful ya wuni a rana watan Afrilu, ka buɗe ka tarar bobin na lilo da wayarsa. Ɗaure tukuna, gam ɗin ya zama ƙari don kada ya yi kaɗa-kaɗa in bas ya buga.

Mai tambaya: To Allah ya saka. Zan kwance su bayan la'asar, in NIGELEC ta bar mana wuta.