An ce zuciyar yarona ta kumbura, ina neman shawara

Maman Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Yarona shekara 7, ya yi mura da zazzaɓi munka ɗauka maleriya ce, bayan ya warware sai haki, ko bayi ya je sai ya zauna ya huta, ƙafafu kuma sun tashi. Munka kai shi UDUTH, asibitin koyarwa na Sakkwato, anka yi mishi eko, wato hoton zuciya, likita ya ce bairos ne ya taɓa naman zuciyar shi ya sa ba ta harba jini da ƙarfi. An sallame mu da Lasix da captopril. Yanzu ya ji sauƙi har yana rigimar ƙwallo, babanshi ya ce a bar magani haka nan tunda ya miƙe, kakarshi kuma ta aiko da jiƙo. Mi za ni yi?

Hajiya Inno: Allah ya ba shi lafiya ɗiyata. Jiƙon ki amsa ki yi godiya ki aje, kar ki haɗa mishi.

Anti Nas: Maman Sadik kar ki yarda a tsaida maganin nan. Sauƙin da kike gani maganin ne ke aiki, Lasix na fidda ruwan da ya taru, captopril na rage ma zuciya nauyi, ita kuma tana warkewa a hankali. Ƙwallo da guje-guje ana hanawa wata 3 zuwa 6, sai an maimaita eko da ECG (awon bugun zuciya) likita ya ce to, don bugun zuciya na iya rikicewa yaro na cikin gudu. Da yawa suna warkewa sarai, wasu zuciyar takan buɗe ta yi rauni, shi ya sa ranar kilinik ba ta wasa ba ce. Ki tafi da babanshi ya ji da kunnenshi, maza sun fi jin ta likita.

Abu Hanif: A guji antibayotik na kemis, ba ya kashe bairos. Ibuprofen ma kar a ba shi sai an tambayi likita.

Anti Nas: Na manta, ki rage gishiri da magi, ki riƙa auna nauyinshi da safe. In ya ƙaru kwatsam, ko numfashi ya yi sauri, ko ciwon ƙirji ko suma, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Kuma da zafin Sakkwaton nan, in amai ko zawo ya kama shi yana kan Lasix kar ki jira.

Maman Sadik: Na gode ƙwarai. Islamiyya fa, zai iya komawa?

Anti Nas: Ki tambaya ranar kilinik, in an yarda a kai shi a mashin, ki gaya ma malaminsu ban da tsallen kwaɗo.