Ya dace a ba yara batun kyautar ƙoda su yi muhawara a kai?

Alhaji Ɗanlami: Assalamu alaikum iyaye da malamai. A gaban kowa nake so in yi wannan magana don kada a ce na zagaya ta baya. Jiya da daddare muna cin tuwo Zainabu ta ɗago kai ta ce, "Baba, idan na mutu za ka yarda a cire ƙodata a ba wani?" Sai da uwarta ta tsame hannu daga kwano. Yarinya 'yar shekara 13! Da na bincika aka ce Malama Hafsatu ce ta ba su batun a ajin koyon magana na ranar Asabar. Ni dai na ce wannan ba maganar yara ba ce. Mun kawo su ne su koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da murya ta yi rawa ba. Ga kwatocin da suka toshe a nan Kumasi daga Aboabo har Asawase, ga karatun 'ya mace. Me ya kai mu ga gawa?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Alhaji ka riga ni. Nawa yaron ma ya zo da ita.

Malama Hafsatu: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Ni na zaɓi batun, kuma ba zan ɓoye dalilina ba. Shekara biyu ina ba su tsaftar unguwa da amfanin ilimi. Yaro ya je gida yayansa ya rubuta masa, ya haddace kamar karatun allo, ya zo ya zuba mana idonsa a kan rufi. In na tare shi da tambaya ɗaya sai ya tsaya cak, domin babu wanda ke musun cewa shara ba ta da kyau. Batun da kowa ya yarda da shi ba ya koya wa yaro magana, hadda kawai yake ƙara masa.

Ranar Asabar na rubuta a allo: "Ya kamata mutum ya bar wasiyyar a ba marar lafiya ƙodarsa bayan ya rasu." Akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ba, wata bakwai tana zuwa ban taɓa jin muryarta daga bencin baya ba. Ta tashi da takarda a hannu, takardar tana kaɗawa har ana jin ƙararta. Ta karanta layi biyu, sai ta ninke ta ta cusa a aljihun hijabi, ta ce kawunta sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda, idan ya dawo ko kofin koko ba ya iya riƙewa. Minti uku ta yi tana kallon idon 'yan ajin. Ban taɓa iya koya wa wani yaro haka da baki ba.

Hajiya Rabi: Malama, tsaya nan. Kin san da ciwon kawun nata kafin ki kawo batun?

Malama Hafsatu: Ban sani ba Hajiya.

Hajiya Rabi: To kin gani. Yarinya ta buɗe cikin gidansu a gaban yara talatin, gobe magana ta kai kasuwar Asawase. Magana zarar bunu ce. Ke kin ga ta iya magana, ni uwarta nake tunani.

Malama Hafsatu: Wannan kam laifina ne. Ya kamata in sanar da iyaye tun da mako guda, in kuma ce wa yaran kada kowa ya ambaci ɗan gidansu. Na je gidan ranar Lahadi na ba mahaifiyarta haƙuri. Amma kuskurena a shiri ne. Batun kansa ina nan a kansa.

Alhaji Ɗanlami: Akwai abin da ya fi wannan damuna. Zainabu ta ce ƙuri'a kuka jefa, ita ta faɗa ɓangaren masu goyon baya, alhali a ranta ba ta yarda ba. Wato ana koya mata ta tsaya ta kare abin da ba ta gaskata ba, kuma a al'amarin halal da haram. A gidanmu sunan wannan ƙarya. Allah gafarta Malam Idi, kana ciki, ka raba mu.

Malam Idi: Ina biye da ku tun ɗazu. Alhaji, tsoronka yana da tushe. Hadisin Nana A'isha yana nan a Abu Dawud, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Allah kuma ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 70, ya girmama 'yan Adam. A kan irin waɗannan ne Shaihu Sha'arawi na Masar ya tsaya, yana cewa jiki mallakar Allah ne, mutum ba ya kyautar abin da ba nasa ba. Mufti Muhammad Shafi na Pakistan shi ma bai halatta ba. Waɗannan ba ƙananan malamai ba ne.

Sai dai majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, da sharuɗɗa. Daga mai rai, in ya yarda da kansa kuma cirewar ba za ta halaka shi ba. Daga mamaci, in ya ba da izini kafin rasuwarsa ko magadansa suka yarda. Sayarwa kuwa sun haramta ta kai tsaye. Masu wannan fahimta suna kawo aya ta 32 a Suratul Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, da kuma ƙa'idar larura.

To mas'ala ce da manya suka yi saɓani a kanta. Idan Zainabu ta tsaya ta ce "malamai kaza sun ce kaza, ga hujjarsu", ba ta yi ƙarya ba, riwaya ta yi. Ɗaliban ilimi tun da can suna munazara, wannan ya riƙe ƙauli wancan ya riƙe kishiyarsa, malami yana zaune. Inda zan tsawatar shi ne yaro ya buga ƙirji ya ce "halal ne" ko "haram ne" daga bakinsa. Nan ya shiga fatawa, kuma ba gonarsa ba ce.

Alhaji Ɗanlami: Allah gafarta Malam, munazarar da kake faɗa ta masu gemu ce da suka sauke Risala. Waɗannan ko BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ba su rubuta ba.

Malama Hafsatu: Alhaji, bari in gaya maka dokar ajina. Ba wanda zai mayar da martani sai ya fara maimaita hujjar abokin karawarsa, har shi abokin ya ɗaga kai ya ce "e, haka na ce". In bai yarda ba, a sake. Wani yaro sai da ya maimaita sau huɗu ranar, yana gumi, saboda kullum sai ya rage wa hujjar ƙarfi don ya ji daɗin rusa ta. Wannan shi nake koyarwa. Dubi yadda gardama ke ƙarewa a majalisun shayi na zango, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ja numfashi ya afka. Ba na son yaranmu su gaji wannan.

Nas Amina: Salamu alaikum, yanzu na sauka daga aiki na ga saƙonni. Malama, Yayata, ina tare da ke a kan a yi maganar, amma jimlar da kika rubuta a allo ba ta dace da ƙasarmu Ghana ba. Ƙodar mamaci ba a ɗaukar ta daga wanda ya rasu a gida aka yi masa wanka aka nufi maƙabartar Tafo kafin la'asar. Galibi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne yana kan na'urar numfashi, jini yana zagaya jikinsa har lokacin cirewa. Wannan sai ƙasashen da suka gina tsarinsa, irin Sifen da ta kafa hukumar dashe tun 1989. Mu nan, tun da aka fara dashen ƙoda a asibitin Korle Bu na Accra a 2008, abin da aka saba shi ne mai rai ya ba ɗan'uwansa. Haka ma dashen farko da ya yi nasara a duniya, a Boston ta Amurka a 1954, tagwaye ne, ɗaya ya ba ɗaya.

Kuma a nan ne nauyin yake. Ina ganin iyalai a bencin asibiti. Mai ciwo yana bukatar wanki sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, da yawa suna rage shi zuwa biyu ko ɗaya. Kun tuna hayaniyar 2023 da aka ce kuɗin wanki ɗaya zai tashi daga sidi 380 zuwa sama da 760. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar kuɗin a wasu asibitoci a 2024, amma mota da magani da ranakun aikin da aka rasa suna nan. Sai dangi su zauna a ce wa zai bayar. Ku lura da wanda ido ke faɗawa a kansa: ƙanwar da ba ta yi aure ba, ko ɗan da aka ɗauko daga ƙauye ake riƙo. An tambaye shi a gaban manya, ya sunkuyar da kai ya ce to. Shin wannan "to" yarda ce? Wallahi wannan tambayar ta fi ta wasiyya kusa da gidajenmu.

Hajiya Rabi: Amina kin taɓo wurin. Yaranmu mun koya musu ba a cewa babba a'a.

Alhaji Ɗanlami: Kuma haka ya kamata. Yanzu so kuke a koya musu musu da manya?

Nas Amina: A'a Baba. So nake yaro ya iya cewa "ku yi haƙuri, ku ba ni lokaci, ina so likita ya yi min bayani ni kaɗai" cikin ladabi, muryarsa ba ta maƙale ba. Mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, amma tiyata ce ta gaske, ba a mayar da abin da aka cire. Ka tuna shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Nijeriya. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8. Saurayi ɗan shekara 21 mai talla a titin Legas aka kai Ingila da alkawarin aiki, ashe ƙodarsa ake so a ba 'yar gidan. Abin da ya fitar da shi, ya shiga ofishin 'yan sanda ya buɗe baki ya yi bayani. Samarinmu nawa ne a Sawaba da Aboabo ke jiran wani ya ce zai fitar da su waje? Gara su fara jin wannan a aji.

Alhaji Ɗanlami: Ni kuma abin da nake gudu ke nan, yaro ya tashi da sanin cewa a cikinsa akwai abin da ake saye da kuɗi. Wanda bai sani ba ba ya sha'awa.

Nas Amina: Suna da waya Baba. Sun riga sun gani a TikTok, babu Malam Idi a gefe da zai ce musu haramun ne.

Malam Idi: A nan ina bayan Amina. Amma Alhaji yana da haƙƙi a kan 'yarsa, ba za a tilasta masa ba. Malama, shawarata uku ce a dunƙule: ki canza jimlar zuwa ta mai rai, ki cire ƙuri'a ga duk yaron da iyayensa ba su so, kuma kada kowa ya yanke hukuncin shari'a a bakin allo. In kin amince zan zo in yi musu minti ashirin a kan ƙaulin ɓangarorin biyu kafin su fara.

Malama Hafsatu: Na karɓi ta farko da ta uku da hannu biyu, Allah ya saka da alheri. Sabuwar jimlar ita ce: "Idan ɗan'uwa yana bukatar ƙoda, dangi suna da ikon matsa wa wanda jininsu ya dace ya bayar." Ta biyu kuwa zan bi don girman Malam, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaron da kullum ɓangaren da yake so kawai yake karewa ba zai taɓa sanin nauyin hujjar wancan ba, kuma ranar da ya gamu da mai baki a waje zai rushe. Zainabu tana cikin yara uku mafi kaifi da nake da su, Alhaji. Tambayar da ta yi maka a kan tuwo, ba ni na rubuta mata ba.

Alhaji Ɗanlami: Na sani, shi ya sa ta hana ni barci. Ban canza ba, har yanzu ina ganin an yi gaggawa da shekara biyu ko uku. Amma tunda Malam zai zauna, ba zan hana ta zuwa ba. Sharaɗina, ita za ta zaɓi ɓangarenta, kuma ni ma zan zo in zauna a baya in ji da kunnena.

Hajiya Rabi: Ni nawa yaron ba zai yi magana a wannan zagayen ba, ya saurara kawai. Malama, yarinyar nan mai kawu fa? Kada a sa ta tsaya kan wannan sabuwar jimlar, ta fi ta farko zafi a gare ta.

Malama Hafsatu: Na yi tunaninta. Na ba ta riƙon agogo, ita za ta riƙa buga tebur in minti uku ya cika. Ta ce ita magana take so ta yi. Na ce sai abin da mahaifiyarta ta ce, gobe bayan azahar zan koma gidan. Asabar ƙarfe goma ne, Malam. Amina, in ba ki da aiki ki zo mana da hoton ƙoda, rabin ajin sun nuna min ƙirji da na tambaye su inda take.