Tsofaffin bidiyon biki: a ɗora su intanet ko a bar su a gida?

Daga zauren masu ɗaukar hoto da bidiyo na yankin Ringim da Taura

Nura Kwamfuta: Salamu alaikum. Ni har gobe ina kan bakana: duk aikin da ya shekara ba wanda ya waiwaye shi, asara ce a bar shi a kan SSD, wato ma'ajiyar kwamfuta mai sauri. SSD na aikin da ke hannu ne, wanda ake yankawa ana haɗawa. Tsohon aiki a kwashe shi zuwa ma'ajiyar intanet irin S3 ta Amazon. Tun 2019 suna da sashen Glacier Deep Archive na ajiyar dogon lokaci, terabayit guda kusan dala 1 a wata a cibiyarsu ta Amurka. Hatsin wannan mako a ɗaki yake zama, na shekara kuwa sai rumbu.

Malam Habu Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Nura, rumbuna a bayan ɗakina yake, ba a Amurka ba, kuma ba na biyan kowa kafin in ɗebi gerona.

Nura Kwamfuta: Allah ya ja kwana Baba, ai a nan matsalar take. Ambaliyar 2022 da ta shiga garuruwan Jigawa, wanda kwamfutarsa da had dis ɗinsa ke ɗaki ɗaya, tare suka jiƙe. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Afrilu, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙone caja. SSD ma in ya daɗe a aljihun tebur ba a jona shi ba, musamman cikin zafi, abin da ke ciki yana iya lalacewa.

Sadiya: Yaya Nura, bari in yi mana lissafi tukuna. Terabayit guda a kan sabis mai gudun megabit 5 a daƙiƙa zai ci wajen kwana 18 ana ɗorawa, dare da rana, ba yankewa. A wane ƙauyen namu sabis ke tsayawa haka? Kuma datar terabayit ɗin daga aljihunka za ta fito, bayan ƙarin farashi na kashi 50 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025.

Ɗanjuma Bidiyo: To, an zo wurin.

Sadiya: Ban gama ba. Dala 1 ɗin nan ta ajiya ce kawai. Ranar da uwar amarya ta aiko tana son bidiyon kamun 'yarta, sai ka nemi a fito maka da shi, ka jira har awa 12, ko awa 48 in ka zaɓi hanya mai rahusa. Akwai kuɗin fitarwar, sannan saukewa zuwa kwamfutarka kusan santi 9 ne kowace giga, wato wajen dala 90 a terabayit. Ka goge fayil kafin ya cika kwana 180, sai an caje ka ragowar kwanakin. Ga wanda ke da hotuna dubbai ƙanana kuma, kowane ɗaya ana lissafa masa kuɗin shigarwa da ɗan ƙarin wuri, sai dai ka dunƙule hotunan biki guda cikin fayil ɗaya kafin ka ɗora.

Nura Kwamfuta: Ƙanwata, ai ba Amazon kaɗai ke kasuwar ba. Backblaze B2 a 2025 wajen dala 6 ne terabayit a wata, ba jira, kuma saukewa kyauta ce har ninki uku na abin da ka ajiye. Cloudflare R2 ba ya karɓar kuɗin saukewa sam. Sannan ku tuna, tsohon aiki muke magana. Cikin bukukuwan da kuka ɗauka shekara biyar baya, nawa aka dawo nema?

Ɗanjuma Bidiyo: Kaɗan ne gaskiya. Amma wanda ya dawo ɗin, yawanci rasuwa aka yi, ana son ganin fuskar mamaci. Irin wannan ba a ce masa ya dawo jibi.

Malam Habu Mai Hoto: Ni abu biyu ke damuna. Na farko dala. Kafin Yunin 2023 ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. Haya ce da ba ka san nawa za ta zama baɗi ba, kuma in katinka ya ƙi biya wata da watanni, suna da ikon rufe asusun su share kayan. Na biyu amana. Bidiyon walimar mata, matan aure cikin kwalliya, mazajensu sun yarda ne saboda sun san ni. Ban yi alkawari da su cewa zan kai shi hannun wani a wata ƙasa ba.

Sadiya: Baba, wannan na biyun da maganinsa. Ana kulle fayil da kalmar sirri tun a kwamfutarku kafin ya tashi, su kansu masu ma'ajiyar ba za su iya buɗewa ba. Sai dai in kalmar ta ɓace, shi ke nan, ba mai buɗe muku.

Malam Habu Mai Hoto: Kin ga wani sabon abin tsarewa ke nan.

Sadiya: Haka ne. Ni dai a ganina Yaya Nura ya yi daidai da ya ce a sauke tsohon aiki daga SSD, inda muka rabu shi ne masaukinsa. Ɗanyen bidiyo mai nauyi ya koma had dis biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gidan ɗan'uwa a wani gari mai tudu, a riƙa jona su lokaci-lokaci ana dubawa. Wanda aka gama haɗawa aka ba masu biki, shi ne bai da nauyi, shi za a ɗora. Wuri uku ke nan, biyu nesa da gida.

Nura Kwamfuta: Rabin magana kika ba ni, amma na karɓa. Sharaɗi ɗaya: duk wanda ya ɗora, ya gwada sauke biki guda ya kalle shi har ƙarshe kafin ya goge na SSD.

Ɗanjuma Bidiyo: Ɗorawar fa? Sabis ɗin garinmu ko hoton WhatsApp sai an hau tudu.

Nura Kwamfuta: A tara na wata guda, in an shiga Dutse ko Kano a nemi mai Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, a biya shi na dare.

Malam Habu Mai Hoto: Ku yara ku ɗora naku. Ɗanjuma, in za ka shiga Kano ranar Litinin ka tsaya titin Beirut ka tambayo mini kuɗin had dis mai terabayit 4, guda biyu, kuma kada ka karɓo wanda aka taɓa buɗewa.