Albashin manyan gwamnati ya yi yawa ne? Kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Mai buɗe zance, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. A watan Agustan 2025 shugaban hukumar RMAFC, wadda tsarin mulki ya ɗora wa yanka albashin masu muƙaman siyasa, ya fito ya ce shugaban ƙasa naira miliyan 1.5 yake ɗauka a wata, minista ko miliyan ɗaya bai kai ba, kuma rabon da a taɓa albashin tun 2008. Tun daga ranar maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun hira na Kaduna. Wasu na cewa a ƙara musu, wasu na cewa wanda suke ɗauka ma ya yi yawa. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu musun ba su taɓa ganin takardar albashin kowa ba sai tasu. A cikinmu akwai ma'aikata, akwai 'yan fansho, akwai waɗanda suka zauna kusa da manya. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani ko ya taɓa da hannunsa, banda ji-ta-ji-ta, kuma kada a kama sunan mutum ko ma'aikata. Kwamishina, babban sakatare, shugaban hukuma, darakta: abin da ake biyan su ya wuce ƙima ko bai wuce ba?

Tsohon akawun albashi, Unguwar Sanusi:
Wa alaikumus salam. Ni a teburin albashi na tsufa, don haka bari in fara. Idan takardar albashi kawai za a duba, wallahi babu babban da ya ci kuɗi. Kun tuna a 2017 da Malam Nasir El-Rufai, yana gwamna, ya fito da tasa takardar bayan sun yi ka-ce-na-ce da Yakubu Dogara, shugaban majalisar wakilai na lokacin? Kimanin naira 470,000 aka gani bayan an cire haraji. Mutane suka yi ta cewa ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, haka takardar take, mu da muke haɗa irinta mun sani.

Amma kuɗin babba ba ta wannan ƙofar yake shigowa ba. Takardar albashi shafi ɗaya ce. Baucocin (takardun biyan kuɗi) da ke bi ta gabanmu kuwa fayil guda ne: kuɗin kwana idan an yi tafiya, kuɗin zaman kwamiti, kuɗin karɓar baƙi, man mota, man janareta, gyaran gida, kayan ɗaki, taron ƙara wa juna sani a Abuja ko Legas. Kowanne da ƙa'idarsa, kowanne halal ne a rubuce. Ga misali ɗaya daga tsarin tarayya: a tsarin da aka fitar a 2022, kuɗin kwana ɗaya na babban sakatare naira 70,000 ne, na ƙaramin ma'aikaci a mataki na 1 zuwa na 4 kuma 10,000. To naira 70,000 ɗin nan ita ce mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, na wata guda cur. Kuma wa ke amincewa da tafiyar? Shi mai tafiyar.

Wani abin da ya fi ci mini rai: a 2003, zamanin Obasanjo, aka ce an daina ba manya gida da mota, za a mayar musu da su kuɗi a cikin albashi. Aka mayar. Ba a daɗe ba motoci suka dawo da sunan motar ofis, gida ya dawo da sunan masaukin baƙi, kuɗin kuma bai fita daga albashin ba. Ni na rubuta bauca ta man motar mutumin da a wannan watan na lissafa masa alawus na mota.

Malamar firamare, Rigasa:
Baba akawu, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ba mu iya gani daga inda muke. Ni lissafina gajere ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin keke na zuwa makaranta da dawowa yake cinye abin da a da nake cefane da shi. An ce mafi ƙarancin albashi a Kaduna ya koma naira 72,000 a ƙarshen 2024, amma kafin labarin ya iso mudun shinkafa ya riga ya yi gaba. Ajina yara sun fi ƙarfin benci, wasu a ƙasa suke zama, sau da yawa alli da jan biro daga jakata suke fita.

Ba kuɗin ne kaɗai ke min ciwo ba. A 2017 an yi mana jarrabawa, malamai 21,780 aka ce sun faɗi, aka sallame su. Ni na tsallake, kuma ban ce kada a gwada malami ba, yaran nan amana ne. Tambayata ita ce: wa ke gwada na sama? Na ga shugabanni sun zo sun tafi, rufin ajina yana yoyo kafin su zo, yana yoyo bayan sun tafi, babu wanda aka rage wa sisi saboda haka. Idan za a biya mutum da yawa a biya shi, amma a ce ga abin da zai yi, idan bai yi ba ya sauka kamar yadda aka sauke 'yan'uwana.

Darakta mai ritaya, Malali:
Malama, na ji zafin maganarki kuma kina da gaskiya a kan gwaji. Sai dai ina roƙon a raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai ma'aikacin da ya fara daga mataki na 8 ya yi ta hawa har ya cika shekara 35 yana aiki, akwai kuma wanda aka naɗa jiya saboda ya yi wa jam'iyya wahala. Mutanen gari duk "manya" suke kiran mu, alhali ba tukunya ɗaya muke ci ba.

Ni na sa hannu a takardun ayyuka na ɗaruruwan miliyoyi, albashina kuwa bai isa ya biya wa yara biyu kuɗin jami'a mai zaman kanta ba. Gidan da nake ciki da bashin ƙungiyar ma'aikata da adashen matata aka gina shi, ɗaki bayan ɗaki. Kullum da safe akwai mutum a ƙofa: wannan takardar asibiti, wannan kuɗin makaranta, wannan daga ƙauye aka turo shi. Ba ka isa ka ce babu ba, don ba wanda zai yarda.

Kuma ku duba waɗanda muka rasa. Yaran da suka fi kowa ƙwazo a sashena, injiniyoyi da masu lissafi, duk sun gudu, wasu bankuna, wasu ƙungiyoyin ƙasashen waje, wasu hukumomin tarayya irin su Babban Banki da kamfanin mai na ƙasa, masu tsarin albashi na daban. Idan ka damƙa wa mutum amanar biliyan ka biya shi abin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba, ɗan kwangila na zaune a falonsa yana jira. Wanda ya ji tsoron Allah zai fita da talauci, wanda bai ji ba zai fita da gidaje. Ni a ganina albashin ma'aikacin da ya kai ƙololuwa kaɗan ne, ba yawa ba.

Malamar firamare, Rigasa:
Baba Darakta, Allah ya ƙara girma. Na yarda akwai bambanci. Amma mu ma akwai mutane a ƙofarmu da safe, kuma ba mu da kuɗin kwana da za mu toshe da shi. In ƙarancin albashi ne ke sa hannu ya zame, ai da masinja ya fi kowa sata.

Direban gwamnati, Hayin Banki:
Ni ba boko na yi mai zurfi ba, amma na tuƙa manya har huɗu. Ɗaya daga cikinsu mutumin kirki ne ƙwarai, lokacin da aka yi wa iyalina aiki a asibiti shi ya biya daga aljihunsa, ba zan manta ba. To amma gaskiya ɗaya ce. Maigida ba ya sayen mai, ba ya sayen taya, ba ya biyan makaniki. Motar Hajiya da mai kai yara makaranta duk a katin ofis suke sha. Albashinsa yana nan a banki bai taɓa ba, ni nawa ranar goma ga wata ya ƙare.

Idan muka je Abuja shi yana otal, ni ina cikin mota a bakin get, sauro na cizo. Kuɗin kwanana a rubuce yake, amma kafin ya fito sai na yi ta bin teburi, wani lokaci ma a ce babu kuɗi a wannan watan. Nasa kuwa tun kafin mu tashi yake shiga. Sannan ranar da zai bar kujera, motar da na lallaɓa kamar ƙwai sai a yi mata kuɗin gwanjo ya tafi da ita, a sayo wa sabon maigida sabuwa dal.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Ni ban ƙi a biya wasu da tsoka ba, amma su wa? A ɗakin haihuwarmu akwai daren da ni da ungozoma ɗaya muke riƙe da gado fiye da yadda hannu huɗu za su iya. 'Yan ajinmu da dama suna Saudiyya da Ingila. Babban likitan da ya koya mana aiki ya tafi, ba a samu madadinsa ba. A 2024 an ninka wa alƙalai albashi da kashi 300 cikin ɗari, aka ce don a tsare mutuncin shari'a. To madalla. Mutumin da zai farka ciki ya ciro jariri da ƙarfe uku na dare fa? Idan hujjar ita ce kada ƙwararru su gudu, ƙwararrun da ke gudu da gaske ba a ofis mai sanyi suke ba.

Tsohon mataimaki ga wani ɗan majalisa, Kawo:
Na san tambayar a kan masu zartarwa ce, amma ku bari in kawo na majalisa don hanyar ɗaya ce. Namu na Kaduna ta Tsakiya a lokacin, Sanata Shehu Sani, shi ya fasa ƙwai a 2018, ya ce bayan albashin kusan naira 750,000 kowane sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis. A 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ya gaya wa BBC Hausa cewa abin ya kai miliyan 21.

Ni da na riƙe jakar wani ɗan majalisa, ba na dattawa ba, na ga inda irin kuɗin ke zuwa. Kaso mai yawa a hannun jama'a yake ƙarewa: suna, biki, jana'iza, kuɗin magani, buhunan azumi, 'yan jagaliya. Wannan gaskiya ne. Amma babu mai bin diddigi. Rasit ɗin da ake haɗawa a ƙarshe, Allah ya yafe mana. Kuma abin da na lura, kuɗin da ya kamata ya sa magani a asibitin unguwa shi ne ake miƙa wa mara lafiya a ambulan, ya yi godiya har ƙasa.

Mai shagon hatsi, Kasuwar Barci:
Littafin bashina cike yake da sunayen ma'aikata, malamai da masinjoji da ma 'yan mataki na 12. Ban taɓa rubuta sunan kwamishina ba. Ni da ake karɓar haraji a hannuna ina so in san nawa ne ke tafiya ofishin mutum ɗaya a shekara. Shi ke nan nawa.

Ɗan fansho, tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
'Ya'yana, ku ƙara da maganar bayan sauka. Mu da masaƙu suka rufe a kanmu, da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Ƙanena ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma, ya yi ta zuwa tantancewa da fayil a hammata kafin ya ga garatutinsa. Su kuwa a jihohi da dama doka suka yi wa kansu ta fanshon tsofaffin gwamnoni, har da gidaje da motoci. A Zamfara sai da tsohon gwamna ya rubuta takarda yana neman miliyan 10 ɗinsa ta wata-wata a 2019 kafin majalisar jihar ta soke dokar. Mu a garin nan mun ga Balarabe Musa. Ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1981, ya koma gonarsa, har ya rasu a 2020 ba wanda ya nuna wani katafaren gida ya ce nasa ne. Da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba.

Mai buɗe zance, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Ni dai yanzu na karkata ga cewa Baba Darakta da direba duk gaskiya suka faɗa, kuma hakan ne ya fi tayar min da hankali. Baba akawu, talaka irina zai iya ganin waɗannan alawus ɗin a wani wuri, ko sai wanda ke cikin ofis?

Tsohon akawun albashi, Unguwar Sanusi:
Zai iya ganin rabi, ɗana. Kasafin kuɗin jihar Kaduna ana sa shi a intanet duk shekara. Ka buɗe shafin kowace ma'aikata, ka tsallake layin albashi, ka gangara zuwa kuɗin gudanarwa na yau da kullum. A nan za ka ga tafiye-tafiye na gida da na waje, mai, karɓar baƙi, kuɗin zaman kwamiti. Sayen motoci kuma yana ɓangaren manyan ayyuka. Abin da ba za ka gani ba shi ne nawa ne ya tafi ga mutum ɗaya, domin a dunƙule ake rubutawa da sunan ofis. Ni da za a ji tawa, a ƙara wa babban sakatare da darakta albashi har ya ishe su, a soke motar gida da man gida, sannan duk ƙarshen shekara a buga jimillar abin da kowane mai babban muƙami ya karɓa, albashi da alawus a layi ɗaya. Malama, idan kin samu wanda zai sauke miki kasafin ilimi na bana a waya, ki turo min, in nuna miki layin gyaran azuzuwa da layin tafiye-tafiye ki gwada su da kanki.